Ƙungiyoyin Akantocin Gudanarwa: Asalinsu, Sharuɗɗansu da Darajar Shaidarsu

Gabatarwa

Duk sana'ar da jama'a ke damƙa wa amanar rayukansu ko ta dukiyarsu, ba a barin kowa ya shige ta kara zube. Likita ba ya taɓa majinyaci sai hukumar likitoci ta shaide shi, lauya kuma ba ya tsayawa gaban alƙali sai an rubuta sunansa cikin littafin lauyoyi. Aikin akanta ma yana da irin waɗannan masu tsaron ƙofa. Sai dai in an ambaci akanta, wanda ya fi saurin faɗowa a zuciya shi ne odita, watau mai binciken littattafan kuɗi, wanda kan zo daga waje ya duba abin da aka riga aka kashe. Akwai wani akantan kuma da ke zaune cikin kamfani, wanda aikinsa ya fi shafar abin da za a yi gobe. Shi ne ake kira akantan gudanarwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana aikin wannan akanta, da yadda ƙungiyoyin da ke ba shi takardar shaida suka samo asali a Ingila da Amurka da Indiya da wasu ƙasashe, da sharuɗɗan da suke gindaya wa mai neman shiga, sannan da iyakar abin da shaidar tasu take iya tabbatarwa.

Aikin Akantan Gudanarwa

Lissafin kuɗi a kamfani iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ake shiryawa domin mutanen waje, kamar masu hannun jari da bankuna da ma'aikatar haraji. Wannan yana da ƙa'idojin da doka ta tanada, kuma yawanci sau ɗaya ake fitar da shi a shekara. Na biyu shi ne wanda ake shiryawa domin manajoji da daraktoci, su san abin da kowane kaya ya ci kafin ya fito kasuwa, da farashin da ya kamata a sa masa, da sashen da ke kawo riba da wanda ke cin uwar kuɗi. Tsara kasafin kuɗin kamfani, da kwatanta abin da aka ƙiyasta da abin da aka kashe, da auna ko sayen sabon inji zai biya kuɗinsa, duk suna cikin wannan kashi na biyu. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, to akantan gudanarwa shi ne aka ɗora wa gano yoyon tun damina ba ta kankama ba.

Misali zai ƙara fito da abin fili. A ɗauka ga wata masana'antar sabulu da kowane katan ke cin naira 6,000 na kayan haɗi da ladan ma'aikata. Ban da wannan, tana biyan naira 4,000,000 kowane wata na haya da albashin ofis da lalacewar injuna, ko ta yi sabulu ko ba ta yi ba. In tana sayar da katan a kan naira 8,000, kowane katan yana bar mata naira 2,000, sai ta sayar da katan 2,000 ke nan kafin ta mayar da kuɗinta. A ce tana sayar da katan 2,500 a wata, ribarta naira 1,000,000 ce, kuma in aka raba dukkan kuɗin da aka kashe, kowane katan ya tashi a kan naira 7,600. Sai wani ɗan kasuwa ya zo yana neman katan 500 a kan naira 7,000. Wanda bai ƙware ba zai ce faɗuwa ce ta naira 600 a kowane katan. Amma wanda ya san aikin zai lura cewa haya da albashin ofis ba za su ƙaru ba saboda wannan ciniki, don haka kowane katan zai kawo ƙarin naira 1,000, jimla naira 500,000. Zai kuma yi gargaɗi cewa lissafin yana tsayawa ne in injuna suna da sauran sarari, in kuma tsofaffin abokan ciniki ba za su ji labari su nemi irin wannan ragi ba. Kuskure a irin wannan shawara yana iya rufe masana'anta, ma'aikata su rasa abincinsu. Dalili ke nan da ya sa aka ga wajibi ne a sami masu tantance wanda za a ba wannan aiki.

Yadda Ƙungiyoyin Suka Samo Asali

Ƙididdige abin da kaya ya ci ya girmi ƙungiyoyin da shekaru masu yawa. A shekarar 1772, lokacin da kasuwa ta faɗi a Ingila, Josiah Wedgwood, mai masana'antar tangaran, ya zauna ya bi diddigin abin da kowane tulu da kasko ke ci, ya gano cewa wasu kuɗaɗen ba sa ƙaruwa ko raguwa da yawan kayan da aka yi, saboda haka yin kaya da yawa yana rage tsadar kowane guda. Duk da haka, a tsawon ƙarni na 19 ana ɗaukar masu wannan lissafi a matsayin akawuna ne kawai na cikin masana'anta. Daraja tana wurin masu binciken littattafai, waɗanda suka sami takardar amincewar sarauta a Edinbara a 1854, na Ingila da Wales kuma suka sami tasu a 1880.

Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ne ya sauya al'amarin. A 1915 gwamnatin Birtaniya ta kafa Ma'aikatar Kayan Yaƙi, wadda ta riƙa sayen harsasai da bindigogi masu ɗimbin yawa daga 'yan kwangila. Da yake babu farashin kasuwa da za a dogara da shi, sai aka koma biyan ɗan kwangila abin da ya kashe tare da ƙarin riba. Wannan tsari ba ya yiwuwa sai an san ainihin abin da aka kashe, don haka aka shiga neman masu iya wannan ƙididdiga ruwa a jallo. Amurka ma da ta shiga yaƙin a 1917 ta yi amfani da irin wannan kwangila. Da yaƙi ya ƙare, mutanen da suka goge a wannan aiki ba su yarda su koma matsayinsu na da ba. Shi ya sa a shekara guda, watau 1919, aka kafa manyan ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Ingila, ɗaya a Amurka.

Ƙungiyar Ingila

Ƙungiyar Ingila ta fara ne da sunan Cibiyar Akantocin Tsada da Masana'antu. Shugabanta na farko shi ne Lord Leverhulme, attajirin nan mai sabulun Sunlight, wanda kamfaninsa ya sayi Kamfanin Neja a 1920. Tun a farkon shekarun 1920 ƙungiyar ta nemi takardar amincewar sarauta, amma ba ta samu ba. Tsofaffin akantoci masu binciken littattafai sun yi adawa da buƙatar, hujjarsu kuwa ita ce waɗannan mutane ma'aikatan albashi ne a ƙarƙashin masu masana'antu, ba masu zaman kansu ba ne da ke yi wa jama'a aiki. Sai da aka shafe fiye da shekara hamsin kafin haƙarta ta cim ma ruwa. A 1972 ta sauya suna ta sa kalmar gudanarwa a ciki, a 1975 ta sami takardar sarautar, a 1986 kuma ta ɗauki sunan da ake taƙaitawa da CIMA.

Sauye-sauyen sunan nan suna nuna yadda aikin kansa ya bunƙasa, daga ƙirga abin da ƙusa da gawayi suka ci zuwa zama a teburin shawara tare da daraktoci. Tsarin jarrabawarta ma haka ya nuna. Wanda ba shi da tushe a lissafin kuɗi yakan fara da satifiket na share fage. Daga nan sai matakai uku: matakin aikin yau da kullum, matakin gudanarwa, da matakin tsara dabarun dogon zango. A kowane mataki akwai fannoni uku, watau yadda kamfani ke tafiya, da auna ƙwazonsa, da sha'anin kuɗinsa. Ana rufe kowane mataki da wata jarrabawa ta sa'a uku, inda ake ba ɗalibi labarin wani kamfani na ƙirƙira tun makonni kafin ranar, sannan a ranar jarrabawa a kawo masa sababbin matsaloli a ce ya rubuta shawarar da zai ba shugabanninsa. Cin jarrabawa kaɗai ba ya mai da mutum ɗan ƙungiya, sai ya kawo shaidar aiki na shekara uku wadda wani babba a wurin aikinsa ya tabbatar. A 2012 CIMA ta haɗa gwiwa da ƙungiyar akantocin Amurka ta AICPA suka fito da laƙabin CGMA, a 2017 kuma suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya guda da ke tafiyar da harkokinsu.

Ƙungiyar Amurka

An kafa ta Amurka a birnin Buffalo na jihar New York da sunan Ƙungiyar Akantocin Tsada ta Ƙasa. A 1957 ta cire kalmar tsada daga sunanta, a 1991 kuma ta koma Cibiyar Akantocin Gudanarwa, watau IMA. Abin lura a nan shi ne, ta yi fiye da shekara hamsin tana matsayin dandalin musayar ilimi ba tare da tana ba da wata shaida ba. Sai a 1972 ta ƙirƙiro jarrabawar CMA. Babu takardar sarauta a Amurka, kuma babu dokar da ta tilasta wa kowa neman wannan shaida, saboda haka ƙarfinta ya dogara ne kacokan ga yardar masu ɗaukar ma'aikata.

Jarrabawar kashi biyu ce, kowane kashi sa'a huɗu. Na farko ya ƙunshi tsara kasafi da auna ƙwazo da nazarin alƙaluma, na biyu kuma ya ƙunshi sarrafa kuɗin kamfani da shawarar zuba jari da ɗa'ar aiki. Ana bukatar maki 360 cikin 500 kafin a ce mutum ya ci. Ban da jarrabawa, sai mai nema ya kasance da digirin farko ko wata shaidar da aka yarda da ita, da aikin shekara biyu a jere a wannan fanni. Bayan ya sami shaidar, wajibi ne ya yi karatun ƙarin sani na sa'a 30 kowace shekara, sa'a biyu daga ciki a kan ɗa'ar aiki. In aka kwatanta, za a ga hanyar Ingila doguwa ce mai ɗaukar mutum tun daga tushe, ta Amurka kuwa gajera ce domin ta bar wa jami'a aikin aza harsashi.

Indiya da Wasu Ƙasashe

Indiya ta bi wata hanya dabam. An kafa ƙungiyarta a Kalkata a 1944, sannan majalisar dokoki ta yi mata doka ta musamman a 1959. A 2012 aka sauya mata suna zuwa Cibiyar Akantocin Tsada ta Indiya. Jarrabawarta mataki uku ce: ta tushe, ta tsakiya, da ta ƙarshe. Abin da ya bambanta Indiya shi ne, tun daga gyaran dokar kamfanoni na 1965 gwamnati ta sami ikon umartar wasu masana'antu su ajiye littattafan abin da kayansu suka ci, a kuma bincika su. Dokar kamfanoni ta 2013 ta riƙe wannan tsari a sashe na 148, kuma 'yan wannan ƙungiya ne ke yin binciken. Akantan tsada a Indiya ke nan yana da wani aiki da doka ta keɓe masa, abin da takwarorinsa na Ingila da Amurka ba su da shi. Pakistan ta kafa tata ƙungiyar a 1951 ta yi mata doka a 1966, Bangaladesh kuma ta yi wa tata doka a 1977.

Labarin Kanada kuwa ya nuna cewa ƙungiya tana iya narkewa cikin wata. Ƙungiyar akantocin tsada ta ƙasar, wadda aka kafa a 1920, ta daɗe tana ba da tata shaidar ta CMA. Amma daga 2013 aka fara haɗe manyan ƙungiyoyin akantoci uku na ƙasar ƙarƙashin inuwa ɗaya da laƙabi ɗaya, watau CPA, lissafin gudanarwa ya zama fanni a cikin karatun kowa. A Nijeriya ma manyan ƙungiyoyin akantoci guda biyu, ICAN wadda doka ta kafa a 1965 da ANAN wadda aka kafa a 1979 ta sami dokarta a 1993, suna haɗa darussan ƙididdigar tsada da auna ƙwazon kamfani cikin karatun akanta gaba ɗaya, yayin da wasu 'yan ƙasar kan zauna jarrabawar CIMA ko ta CMA don ƙarin ƙwarewa.

Ginshiƙan da Shaida ke Tsayawa a Kai

Duk da bambancin hanyoyi, in aka duba da kyau za a ga ginshiƙai huɗu ne kowace ƙungiya ta kirki take tsayawa a kai. Na farko ilimi, wanda ake aunawa da jarrabawar da ƙungiyar ke tsarawa, tana kuma sabunta manhajarta lokaci lokaci. Na biyu gogewa a wurin aiki, domin karatu dabam, iya aiki dabam. Na uku ci gaba da neman sani har ƙarshen aiki, saboda dokoki da na'urori suna sauyawa. Na huɗu ɗa'a, tare da ikon ladabtar da wanda ya karya ta, ko ta hanyar gargaɗi, ko tara, ko dakatarwa, ko kora. Wannan ya yi kama da abin da aka sani a ƙasar Hausa, inda Sarkin Maƙera ko Sarkin Fawa ke lura da 'yan sana'arsa, ya sasanta su, ya kuma tsawata wa mai ha'inci. Bambancin shi ne, a can gado da koyo a gaban uba ne mashiga, a nan kuwa jarrabawa ce da rubutacciyar ƙa'ida.

Su kansu ƙungiyoyin akwai mai sa musu ido. A 1977 aka kafa Tarayyar Akantoci ta Duniya, watau IFAC, a birnin Munich na Jamus, da ƙungiyoyi 63 daga ƙasashe 51. Ƙungiyar da ta shiga wannan tarayya ta ɗauki alkawarin bin ma'aunan ilimi na duniya, waɗanda suka shafi sharuɗɗan shiga, da abin da za a koyar, da gogewa, da jarrabawa, da karatun ƙarin sani. Ta kuma ɗauki alkawarin bin ƙa'idar ɗa'a mai tushe biyar: gaskiya, rashin son zuciya, ƙwarewa da kula, riƙe sirri, da kyakkyawan hali a bakin aiki.

Ginshiƙin ɗa'a ya fi kowanne nauyi a kan akantan gudanarwa, domin wanda ke biyansa albashi shi ne kuma wanda zai iya matsa masa ya murɗe alƙaluma. Hujjar da aka kafa a kansa a shekarun 1920 ke nan, kuma har yau ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Ƙungiyar Amurka ta fitar da rubutacciyar ƙa'idar ɗa'a ga akantocin gudanarwa a 1983 saboda wannan matsala. Abin da ya faru a kamfanin tarho na WorldCom ya nuna girman haɗarin. A can an riƙa rubuta kuɗin da kamfanin ke biya na hayar layukan wasu kamfanoni a matsayin jarin da aka zuba, don faɗuwa ta fito kamar riba. A watan Yuni na 2002 aka bayyana cewa abin ya kai dala biliyan 3.8, bayan masu binciken cikin gida ƙarƙashin Cynthia Cooper sun bankaɗo shi, daga baya kuma jimlar ta kai kimanin dala biliyan 11. Kamfanin ya durƙushe, dubban ma'aikata suka rasa aiki, masu hannun jari suka yi hasarar dukiyarsu. An ɗaure shugaban kamfanin da babban jami'in kuɗinsa, har ma da wasu ƙananan akantocin da suka bi umarni suka shigar da alƙaluman ƙarya an hukunta su. Akantocin cikin gida ne suka ɓata littattafan, ma'aikatan cikin gida ne kuma suka tona asirin.

Iyakar Shaida da Sukan da Ake Yi

Ya kamata mai karatu ya san cewa a Ingila da Amurka ba a hana wanda ba shi da shaida yin aikin akantan gudanarwa. Haka kuma shaidar CIMA ko ta CMA ba ta ba mutum ikon sa hannu a kan binciken littattafan kamfani na shekara, wannan aikin masu wata shaida ne dabam. Amfaninta shi ne ta gaya wa mai ɗaukar ma'aikaci cewa an gwada wannan mutum, kuma akwai inda za a kai ƙararsa in ya ci amana.

An kuma sha sukan abin da ake koyarwa. A 1987 malamai biyu na Amurka, Thomas Johnson da Robert Kaplan, suka wallafa littafi suna cewa lissafin gudanarwa ya tsaya cik tun wajen 1925, kuma alƙaluman da yake bayarwa suna zuwa a makare, a dunƙule, har suna ɓatar da manajoji. Wannan suka ya taimaka wajen fito da sababbin dabaru, kamar raba kuɗin hidima gwargwadon aikin da kowane kaya ya jawo, da auna kamfani ta fuskoki da dama ban da riba kaɗai, waɗanda daga baya suka shiga manhajojin jarrabawa. A yau kuma kwamfuta ta karɓe yawancin aikin tara alƙaluma, shi ya sa ƙungiyoyin suka ƙara ba da ƙarfi ga nazari da bayar da shawara. Akwai kuma kukan tsada, domin ɗalibin da ke ƙasa mai raunin kuɗi yana biyan kuɗin rajista da na jarrabawa da na shekara shekara da fam ko dala.

Kammalawa

An ga yadda bukatar sanin ainihin abin da kaya ya ci ta haifar da sana'a, sana'ar kuma ta haifar da ƙungiyoyi, wasu da takardar sarauta, wasu da dokar majalisa, wasu da yardar kasuwa kawai. Ɗalibin da ke sha'awar wannan hanya, da mai kamfanin da aka miƙo wa takarda mai haruffa a bayan suna, ya kyautu su yi tambayoyi kafin su saki jiki. Wace doka ce ko wace hukuma ta amince da ƙungiyar? Tana cikin tarayyar akantoci ta duniya? Ana zama jarrabawarta a faɗi, ko kuwa duk wanda ya biya kuɗi ya samu? Tana neman shaidar aiki? Ta taɓa korar wanda ya ci amana? Ƙungiyar da ta kasa amsa waɗannan tambayoyi, takardarta ado ce kawai a bango, kuma dukiyar da aka damƙa wa mai riƙe da ita tana cikin haɗari.